Famfo Biyu, Gareji Ɗaya

Tun ranar da aka ƙona gawar mahaifinsu, Thawee da wansa Kanchit ba su ƙara cin abinci a kwano ɗaya ba. Gareji guda ya bar musu a garin Chonburi, da baƙar motar tsere mai na'urar ɗura wa inji iska. Iskar nan da zafi take fitowa, sai ruwan ƙanƙara ya sanyaya ta kafin inji ya sha. Famfon da zai riƙa zagayawa da ruwan shi ya zama abin faɗa, ko da yake kowa a layin ya san ba famfo ba ne.

"Wannan ɗan tsakon za ka ɗaura?" in ji Kanchit, yana shurin kwalin. "Ko butar shayi ba zai cika ba."

"Naka ƙaton fa, Yaya? Ka ɗora shi saman tankin ƙanƙara, ka shaƙe shi da siririn tiyo, sai kumfa yake turawa. Ƙara ba aiki, kamar mai shi."

"Maimaita."

"Ai ka ji ni."

Da sifana ta tashi sama, maƙwabta suka shiga tsakani. Aka yanke cewa ranar Lahadi za a je filin tsere, mota ɗaya, direba ɗaya, kowa ya ɗaura famfonsa a gwada. Wanda nasa ya gaza, ya ajiye makullin gareji ya kama gabansa.

Thawee ya san aikinsa, kuma ya san ya sani, abin da ya cuce shi ke nan. Ya tsara zai sa famfonsa ƙasa da tanki, ya ja tiyo mai faɗi ba lanƙwasa. Nasara kawai ba ta ishe shi ba, so yake ya kunyata Kanchit, don haka ya cire rariyar bakin famfon don ruwa ya ƙara gudu.

Da hantsi aka fara da na Kanchit. Motar ta yi gudu, ba yabo ba fallasa. Thawee ya yi dariya a fili, ya shiga cire famfon wansa yana ɗaura nasa.

Yana cikin juye ƙanƙara a tankin da ke bayan motar sai ga mahaifiyarsu, Lamduan, da sarƙar furen yasmin a hannu. Motar gidan ba ta taɓa hawa layin tsere ba sai ta rataya mata fure a madubi don neman tsari. Yau kuwa ta wuce madubin, ta ɗaura shi a ƙarfen da ke saman tankin.

"Nan ne fitinar take," ta ce, "nan ke bukatar albarka."

"To, Mama, matsa kada ki jiƙe," in ji Thawee. Idonsa na kan wansa, bai ko kalli bakin tankin ba ya rufe.

Motar ta tashi kamar an harba ta. Daga tsakiyar fili ta fara sanyin jiki, ta ƙarasa da ƙyar. Ko kusa da gudun safe ba ta yi ba.

Thawee ya kwance famfon. Ciki cushe yake da farin fure, ya dagargaje ya toshe ko'ina. Wani daɗi ya taso masa: ba laifin famfo ba ne, dole a sake gwaji! Ya ɗago zai yi magana, sai ya ga mahaifiyarsa tsaye, ta haɗa tafukanta a ƙirji tana jiran ta ji ko addu'arta ta ci. Ya dunƙule furen a hannu.

Kanchit ya sunkuyo kansa. Ƙamshin yasmin ya cika wurin, ba mai hancin da zai ce bai ji ba. Ya dubi hannun, ya dubi uwarsu, ya dubi ƙanensa ido cikin ido.

"Me ka gani a ciki, gwani?"

"Ba komai."

"Ɗaga murya, Mama ba ta ji ba."

"Famfona ne bai yi ba."

Kanchit ya miƙo tafin hannu. Da hagu Thawee ya laluba makullin ya ba shi, don damansa ba ta buɗuwa.