Zaibar Cikin Cokali

Cikina na da wata shida sa'ad da madam Nuriyya, sasfam ɗin, wato ungozomar asibiti, da ke yi mana awo a Dakoro, ta ja fatar idona ta ce jinina ya yi ƙasa. Ta ce in riƙa cin abin gina jiki, kamar nama da ƙwai da wake.

Nama sai ranar kasuwa, shi ma in an dace. Wake amai yake sa ni. Ƙwai kuwa, uwar mijina Inna Uwale ta rantse ba zan ci a gidanta ba, wai mai ciki in ta ci ƙwai ɓarawo take haifa. Ga zabbi cike da gida, ni da ƙwansu sai ido.

Ana haka mijina Jimrau ya dawo daga haƙar zinariya a Jado da katon guda na kifin gwangwani, wanda ake kira ton. Kullum sai in buɗe ɗaya in zuba a kwaɗon zogale. Cikin sati uku jiri ya bar ni.

Da na koma awo, Inna ta raka ni. Madam ta ji abin da nake ci, ta ce, "Yana da kyau, amma ba kullum ba. Akwai zaiba kaɗan cikinshi, ruwan ƙarfen nan, in ta taru tana taɓa ƙwaƙwalwar jinjiri. Sau biyu a sati ya isa."

Duk bayanin nan kalma ɗaya Inna ta ji. Muna shiga gida ta sunkuci katon ɗin ta kulle a ɗakinta, tana faɗa har maƙwabta na leƙe. "Guba za ki ɗura ma jikana don kwaɗayi?" Na ce madam ta ce sau biyu, Inna ta ce ko ƙamshi. Na ji kamar in fashe.

Washegari da hantsi ina tuƙa tuwo, Jimrau ya zo ya tsuguna gindin murhuna, kamar yadda ya saba tun dawowarsa. Ya ɗora wani ɗan dunƙule fari a cokalin ƙarfe, ya tura cikin garwashi. Inna ta jawo tabarma kusa, tana yi masa fifita da faifai tana sa albarka, iskar kuma fuskata take bugowa. Ban taɓa tambaya ba, sai ran nan.

"Wai mi kake ƙonawa?"

"Zaiba ce," in ji shi. "In ta ji wuta sai ta tashi, zinariya ta rage."

"Ta tashi ta tahi ina?"

Ya dubi cokalin, ya dubi cikina. Faifan Inna ya tsaya.

Sau biyar ke nan yana wannan aiki a gaban hancina, amma kifina aka kulle! Na ajiye muciya, na ɗauko karne, wato katin awona, don in koma wurin madam. Na biya akurki na kwashi ƙwan zabbi huɗu na ɗaure a bakin zane.

Inna ta miƙe. "Raudatu, ƙwai?"

Na ce, "Inna, in ɓarawo ne na iya yi mashi tarbiyya. Ni dai ya zo da hankalinshi."