Duwatsun Gonar Enid

Mu a garinmu Yarlminster ba ma yarda da baƙon da takalminsa ke da tsabta. Shi kuwa Mista Ashdown da takalmi fes ya iso, yana ta zagaya filin bayan coci inda muke noman dankali da kabeji. Tun bara ake raɗe-raɗin masu gina gidaje sun sa wa filin ido, sai kowa ya sha jinin jikinsa. Wadda abin ya fi tsaya wa a rai ita ce maƙwabciyata Enid Gollop. A gindin tuffar gonarta ta zuba tokar mijinta Wilf, kuma kullum da safe sai ta je ta ba shi labarin gari.

Da fartanya a hannu ta tare baƙon.

"Bawan Allah, wani abu ka yar a nan?"

"A'a, Baba, sunan garinku ya kawo ni. Wannan minster da ke ƙarshensa daga harshen Latin ya fito, monasterium, wato cocin da 'yan zuhudu ke zaune a jikinsa. In haka ne, ɗakunansu na ƙarƙashin ƙasar nan. Ba ku taɓa tono sassaƙaƙƙun duwatsu ba?"

"Ko ɗaya," in ji Enid, ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Alhali da irinsu Wilf ya kewaye bayan rumbun taki, har da wani mai gicciye. Baƙon na juya baya ta ƙwala wa ƙanenta Cyril kira.

"Ka ji wai Latin ya kawo shi! Wa ya taɓa ƙona man mota saboda Latin? Ya ga dutse ɗaya, gobe su zo da shebur su tone min Wilf."

"To Yaya, ya za a yi?"

"Ɗauko baro, sarkin tambaya."

Kafin magariba duk sun juye duwatsun a tafkin bayan gari. Da Ashdown ya dawo, ya duba ya sake dubawa, bai ga komai ba. Enid har shayi ta ba shi, tana murmushin mugunta.

Da kaka aka kira taro a kan filin, sai ga Ashdown a can baya. Ya miƙe ya ce shi dai so ya yi a hana ginin. Da an samu ko alamar gidan zuhudun, da hukuma ta kare wurin, babu mai taɓa shi. Amma bai samu ba, ya ba mu haƙuri.

Na waiwaya na dubi Enid. Haushinta nake ji, tausayinta kuma ya fi haushin yawa.

Ranar da motar rusau ta shigo filin ta nufi tuffar, Enid ba ta wurin. Tana cikin tafki, ruwa har ƙugu, tana laluben laka da hannu biyu.