Mai Lasar Duwatsu

Uwani tana tuƙin tuwo a rumfarta da ke bakin kamfanin man gyaɗa a Bompai sa'ad da Malam Ado, ƙanin marigayi mijinta kuma helman leburorin kamfanin, ya jingine kekensa ya tsuguna gefen murhu. Ko gaisuwa bai bari an gama ba.

"Yaya, na yi magana da mai maganin nan na hanyar Gezawa. Gobe da safe zan zo da mutum biyu mu kai yaron nan, tun abin bai yi nisa ba."

Yaron nan shi ne Shu'aibu, ɗanta na fari, wanda yake karatu a jami'ar Badun, ya zo hutu. Uwani ta san gidan mai maganin. Duk wanda aka kai sai an sa masa mari a ƙafa, kuma ba mai fitowa da wuri. Jirgin komawa makaranta kuwa ranar Asabar ne.

"An gan shi a bakin kogin Challawa da guduma yana fasa duwatsu yana zubawa a jaka," in ji Ado. "An gan shi a Dala. Yarana na ɗakin inji sun gan shi ya ɗauki dutse ya lasa. Ya lasa fa, Yaya! Jiya a gabana ya ce wai ƙasar nan da muke kai tafiya take yi, wai da can mu da Amurka a manne muke. Wa kika taɓa gani yana tara duwatsu a jaka in ba mai taɓin hankali ba?"

Ado ba mugu ba ne. Shi ya riƙa goya yaron a keke zuwa elementare, kuma yanzu ma idonsa ya kaɗa ya yi ja. Sai dai mutum ne wanda in ya tsorata yake komawa ba da oda.

Ado ya san Uwani ba za ta sa baki a zancen yaron ba. Ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yabonsa a gaban mutum ba, in ana zancensa sai ta sami abin da za ta wanke. Ranar da aka ce ya ci jarrabawar jami'a, mata sun cika gidan da guɗa, ita kuwa ta ɗaure fuska ta ce ana damunta da hayaniya. Sai da suka watse ta shiga ɗaki ta saki labule ta taka rawa ita kaɗai har ta yi gumi. Duk Bompai ba mai alfahari da ɗa kamar Uwani, kuma ba wanda ya isa ya kama ta tana yi.

"In an tashi cin abinci zan fito in ji amsarki," in ji Ado, ya tura kekensa ciki.

Bai daɗe da shiga ba sai ga Shu'aibu, wando duk jar ƙasa, jaka a kafaɗa. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa tana kallon tukunya, da yake tukunyar ce take yi wa magana duk lokacin da take son magana da shi.

"An ce wani yana lasar dutse a titi."

"Inna, in dutse ya jiƙe ne ƙwayoyinsa suke fitowa a gane irinsa. Ba kullum ake da ruwa a kusa ba."

"An ce kuma wai ƙasa tana tafiya."

Nan fa bakinsa ya buɗe. Ya jawo wata fasasshiyar ƙwarya da ta ajiye za a kai ɗinki, ya haɗa ɓarayin biyu, bakinsu ya zauna daram. Ya ce haka gaɓar Afirka da ta Amurka ta Kudu suke a taswira, kuma an sami duwatsu iri ɗaya a nan da can, ga teku a tsakani. Ya ce doron nan da muke takawa ɓawo ne kawai, can ƙasa kuwa zafi ne wanda dutse da kansa yake yin laushi a ciki. Ya nuna mata tukunyar kunu a kan wuta, yadda yanar sama take tsagewa tana matsawa gefe in na ƙasa ya motsa.

Uwani ta saurara. Maganar tana da daɗi, amma ai ta sha jin mahaukata masu daɗin baki.

"An gani da ido?"

"A'a, Inna. Abin da take matsawa a shekara bai kai tsawon ɗan yatsa ba."

"To, me yake tura ta? Zafin ne tabbas?"

Shu'aibu ya sosa ƙeya. "Haka ake zato. Amma tsakani da Allah ban sani ba. Malamanmu biyu ma ba sa ga maciji a kan maganar nan. Wataƙila mu ne muka yi kuskure. Shi ya sa nake tara duwatsun, a je a auna."

Muciya ta tsaya a hannun Uwani. Shekara da shekaru tana zuba wa masu taɓin hankali ƙanzo a bayan rumfar nan. Ta ciyar da wanda ya ce shi ke da jirgin ƙasa, da wadda take sanin ranar mutuwar kowa. Ba ɗaya a cikinsu da ya taɓa ce mata bai sani ba. Wani sanyi ya ratsa ta har ƙafa, ta ji kamar ta rungume shi, sai ta ce masa ya matsa ya tare mata iska.

Jiniyar kamfani ta yi kuka. Leburori suka fito da ƙurar gyaɗa a gashin ido, suka cika bencina. Wani ya hango Shu'aibu ya ce, "A riƙe kwano da kyau, jama'a, ƙasa tana gudu!" Aka kwashe da dariya. Ado ya ratso su ya tsaya a gabanta, ya rage murya.

"Yaya, me kika yanke?"

Uwani ta goge hannu a zani. Ta miƙa hannu gefe ba tare da ta waiwaya ba.

"A ba ni ɗaya daga cikin duwatsun nan."

Shu'aibu ya yi turus, sannan ya zaro wani mai ruwan toka ya ɗora mata a tafi. Ta ɗaga shi yadda na bencin ƙarshe ma zai gani, ta fito da harshe ta lashe shi tun daga wannan gefe har wancan. Rumfa ta yi tsit, wani loma a hannu ya kasa kai ta baki. Ta juya dutsen a rana. Inda ya jiƙe sai ga ƙwayoyi sun bayyana, fari da baƙi da wani ja-ja, suna ƙyalli. Shekararta hamsin tana taka irinsa ba ta san haka cikinsa yake ba.

"Malam Ado," in ji ta, da muryar da take kiran ciniki, "in za ku zo goben, ku zo da mari biyu."

Ado ya dube ta, ya dubi yaron, ya dubi leburorinsa da suka sunkuyar da kai cikin kwanuka. Ya cire hula ya share gumi, ya nemi gefen benci ya zauna.

Uwani ta koma kan tukunyarta. Ta ce da ita a gaya wa mai dutse ya kawo wandon nan a wanke kafin Asabar, kada ya je ya ba da mutane a Badun.