Tambayoyin Baba Surajo Maƙeri

Ɗanladi tela ya kusantar da wayar zuwa fuskar tsohon, yana tura hotunan da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Baba Surajo maƙeri na kishingiɗe a zaurensa, an tokare masa baya da matashi biyu, domin tun da ciwon ƙirji ya kama shi a farkon bazara bai ƙara iya kwanciya a miƙe ba. Ya ga fartanya da garma da lauje, duk ƙirar maƙerarsa, an jera su a kan farin yadi. Da ya tambayi abin da aka rubuta a ƙarƙashinsu, Ɗanladi ya karanta masa: babba, matsakaiciya, ƙarama.

"Tela, goge wannan," in ji tsohon. "Fartanya ba takalmin roba ba ce."

Mako uku Ɗanladi ya yi yana gina wa maƙwabcin nasa wannan shafi na intanet. Wani masani a Kano ya nemi kuɗin da ya isa sayen rago, sai telan ya ce shi da ya koyi yankan babbar riga da kallo, wannan ma zai koya. Ya sami manhajar kyauta, kullum bayan la'asar ya rufe shago ya tafi bakin titin Gaya inda sabis ya fi ƙarfi, yana dannawa, yana ɓatawa, yana sakewa.

Ba don sha'awa yake yi ba. Muzammil, ɗan tsohon tilo, magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, kuma dukan ƙarfensa bai gaza na mahaifinsa ba. Amma ran kasuwar Ajingi manoma kan tsaya a rumfarsa su tambayi lafiyar Baba, su yi masa addu'ar samun sauƙi, su wuce ba su sayi kome ba. Har Muzammil ya yi magana da wani mai bas. Ya gaya wa mai bas ɗin cewa in ruwan farko ya sauka babu aiki, zai rufe maƙerar ya kama tuƙi.

A ranar da aka nuna masa hotunan ne tsohon ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Shekara hamsin, in ji shi, bai sayar wa mutum fartanya ba sai ya ga tsayuwarsa da tafin hannunsa, ya kuma ji inda gonarsa take. Ƙotar da ta gaza tsawo tana cin bayan mai ita kafin a gama noman farko. Muzammil na zaune a bakin ƙofa yana saurare. Shi duk shekarun nan kansa na sunkuye a kan wuta yayin da uban ke duban mutane.

Ɗanladi ya ce shafi ba shi da ido, amma yana da gurbin da ake yi wa mai saye tambaya.

"Baba, ku faɗa mini abin da idonku ke tambaya, ni kuwa in rubuta."

Kwana huɗu suka yi a kai, da hantsi, lokacin da numfashin tsohon ke ɗan daidaita. Gonar jigawa ce ko fadama? Yashi na son ruwan fartanya mai faɗi, laka kuwa mai kauri da matsi. Da dama ake riƙewa ko bahago ne? Namiji ne zai yi aiki da ita ko mace? Muzammil ya bar bakin ƙofa ya dawo gefen tabarma, yana tambayar dalilin kowace, uban na ba shi amsa a hankali, yana hutawa a tsakiyar magana.

A kan tsawon mutum suka tsaya cik. Manomin Toranke bai san tsawonsa ba, in kuma aka ce ya auna da kamu, kamun kowa dabam yake. Ɗanladi ya daɗe yana juya tef ɗin awon da ke rataye a wuyansa, sannan ya ce ai duk wanda ya taɓa ɗinka kayan Salla ya san tsawon rigarsa da na hannunsa, in ma ya manta telansa bai manta ba. Tsohon ya sa aka jarraba. Ɗanladi ya riƙa faɗin awon mutanen unguwa, shi yana faɗin ƙotar da ya yi wa kowa, Muzammil yana lura da yadda suke tafiya tare.

"Ashe zaman da kake yi kana taka keke ba na banza ba ne," in ji tsohon, dariya tana haɗe masa da tari.

Ɗanladi ya sa tambayoyin, ya tura adireshin shafin zuwa zaurukan manoma na waya. Ran Alhamis da safe tsohon ya tambaye shi ko an zo. Bai ɓoye masa ba: mutum bakwai sun leƙa, babu wanda ya saya. Baba Surajo ya ce ko a Ajingi sai mutum ya wuce rumfa sau uku kafin ya tsaya. Ya nemi ruwa, ya sha kaɗan. Bayan azahar ya cika, Muzammil na riƙe da kansa yana laƙƙana masa kalmar shahada.

An kai shi makwancinsa kafin magariba. Kwana uku manoman Kademi da Toranke da Ajingi suna sauka daga babura suna ta'aziyya. Mai bas ma ya zo, ya ce kujerar tana nan. A rana ta biyu saƙo ya shigo wayar Ɗanladi daga shafin, amma ya mayar da ita aljihu, domin zaman makoki ba wurin ciniki ba ne.

Sai da aka naɗe tabarmi ya kira Muzammil ya karanta masa. Wani Ikrama ne daga Kademi, yana son fartanya biyu: gonar fadama, bahago, riga arba'in da takwas, hannu ashirin da biyu. Muzammil ya sa aka maimaita, sannan ya dubi telan.

"Kawu, mai hannu ashirin da biyu ba dogo ba ne. Gajere ne mai son doguwar riga. In na bi rigarsa, ƙotar za ta fi ƙarfinsa. Kira shi mu ji."

Ɗanladi ya kira. Mutumin ya yi dariya ya amsa cewa haka ne, rigarsa har ƙasa take ja, ya kuma tambaya ko Baba Surajo ne ya gane. Muzammil ya karɓi wayar ya gaya masa rasuwar, ya karɓi gaisuwa, ya ce ya zo rumfa ran kasuwar Ajingi.

Washegari da hantsi Ɗanladi na kan keke yana haɗa wuyan wata riga, sai ƙamshin gawayi ya shigo ta tagar shagon. Can kuma ya ji masaba ta sauka a kan ƙarfe, sau ɗaya, ta ɗan dakata, sannan ta ci gaba. Ya ɗauke ƙafarsa daga keken, rigar tana kan cinyarsa, ya zauna yana saurare.