Sakiyar da Kalla Bai Yi Ba

Duk Korahane babu wanda bai san Kalla wanzami ba, kuma a wurin sakiya ya yi suna. In kumburi ya nuna, shi ke huda shi, matarsa Lalla kuwa ita ke riƙe kan mata idan zai sa aska. Haka suka tsufa tare.

To sai ga kumburi ya fito wa Lalla kanta a ƙarƙashin haɓa, ya yi tsami har tuwo ya gagare ta haɗiya. Kalla ya wasa aska. Ta ce ya bari ya ƙara nuna, za ta je suna Dakoro ta dawo. Shi kuwa, bawan Allah, har bakin hanya ya raka ta yana ja mata kunne kada ta sha ruwan sanyi.

Da ta dawo, wuya ya saɓe. Ya ɗaga kallabinta yana neman inda aka tsaga, bai ga komai ba sai ɗan ɗigo kamar cizon sauro.

"Wa ya taɓa miki wuya?"

"Gidan likita na tahi, Maigida. Lokotoro ya aza mini wani abu, yana kallon cikin wuyan a talabijin, ya sa allura ya zuƙe mugunyar. Ya ce akwai babbar jijiya dab da wurin."

Ran Kalla ya ɓaci, ba don allurar ba, don ƙaryar sunan.

"Ni da kike riƙe mini kan mutane, ni kika guda?"

"Don ina riƙewa ne na gani. Hannunka na rawa tun bara."

Sai ya tuna yadda mata suka ɗauke ƙafa daga gidansa, yana ta zagin zamani, ita kuma tana taya shi.

"Matan da ba su zuwa fa?"

Lalla ta sunkuyar da kai. "Suna zuwa. Ni nake tare su bakin zaure, in ce ba ka nan."

Ashe duk gari ya sani, shi kaɗai ake yi wa ladabi. Ya jawo zabira zai mayar da askar cikin kube, ya kuskure bakin kuben. Lalla ta miƙo hannu za ta riƙe masa kamar kullum.

"Bari," in ji shi. "Kin riƙe ya isa."