Ɗigon da Kadidiya Ta Ɗaure

A duk layinsu, can bayan kasuwar dabbobi ta Tawa, gidan Kadidiya ne kaɗai ke da shofo, farar tukunyar nan mai dumama ruwa da kuran, wato wutar lantarki, wadda ake kafewa a bangon makewayi. Ba arziki ne ya kawo ta gidan ba. Ɗanta na fari, Jibrilla, ya dawo daga ci-rani a Libiya ya tarar da matarsa Rahamatu da tsohon ciki, uwarsa kuma da ciwon gwiwa tana tara itacen wankan jego, sai ya je ya sayo ta aka kafa.

Ranar da zai koma, Kadidiya ta tsaya a zaure tana tambayar yaushe za a sake ganinsa, fuskarta na kallon bango, don ita ko sunansa ba ta taɓa faɗa ba saboda kunyar ɗan fari. Shi kuwa bakinsa ba ya rabuwa da wasa. Ya nuna makewayi ya ce, "Inna, kahin waccan ta mutu na dawo."

Shi wasa ya yi. Ita ta ɗauki maganar ta ƙulle a bakin zane.

Da farko yana kira, yana aike. Daga baya wayar ta daina shiga. Wani ya ce an gan shi a Sabha, wani ya ce ya hau jirgin ruwa, kowa da tasa, babu wanda ya gani da idonsa. Jaririyar da Rahamatu ta haifa, Haula, ta yi rarrafe, ta yi tafiya, har ta shiga makarantar lakwal, ba ta san ubanta ba sai a hoto.

Duk bayan girbi kawun Rahamatu, Malam Almustafa, yakan zo daga Tebaram. Ba mugu ba ne, gaskiya yake faɗa, abin da ya sa Kadidiya ta fi jin haushinsa ke nan. Yakan ce yarinya na tsufa a ɗaki, ba matar aure ba, ba mai takaba ba, a je gaban alƙali a warware, ta koma gida da 'yarta. Ita kuwa Kadidiya sai ta kawo maganar shofo, kamar wata shaida. Wata shekara abin ya ishi Rahamatu, ta raba gardamar da kanta. Ta durƙusa ta ce muddin tukunyar na aiki tana nan tare da Inna, ranar da ta mutu kuma kada a ƙara riƙe ta. Kowa ya yarda, har kawun, don ya san ƙarfe ba ya dawwama.

Daga ranar Kadidiya ta mayar da shofo kamar mara lafiya a hannunta. Ta ɗinka mata riga da tsohon zani. Ba a kunna ta sai sanyi ya kai sanyi. Abu ɗaya ne ya hana ta sakewa: akwai wani ɗan bakin ƙarfe a ƙasan tukunyar, duk lokacin da ruwa ya yi zafi sai ya riƙa ɗiga. Da ma takan tara kwano ta ba kaji. Amma Kadidiya 'yar ƙauyen Takanamat ce, inda ta tashi tana jan guga har tafin hannunta ya tsage, kuma a wurinsu duk abin da ke yoyo ya kama hanyar lalacewa, tulu ne ko salka. Kowane ɗigo sai ta ji kamar ran tukunyar ne ke zuba, da na ɗanta a ciki. Ta jiƙa ƙaro ta cusa da tsumma, ta naɗe da igiyar roba tam, kamar yadda uwarta ke yi wa salka. Ɗigo ya tsaya. Ta yi hamdala, ba ta gaya wa kowa ba don ba ta ga abin faɗa ba.

Sanyin bana, da hantsi, Rahamatu na yi wa Haula shirin wanka sai suka ji ƙara kamar an fasa ƙwarya. Ruwa mai tururi ya biyo bango, ya jiƙe rigar zanin, ya malale har tsakar gida. Allah ya tsare, babu wanda ya ƙone.

Aka kira Amos plombiye, mai gyaran famfo, mutumin Dogonduci, wanda ya kafa ta tun farko. Kadidiya ta tsaya a kansa tana roƙo ya liƙe, ya yi walda, ya yi duk abin da ake yi. Ya cire rigar ya ga cikin tukunyar ya tsage a tsaye, farar ƙasar da ruwan Tawa ke tarawa ta leƙo ta tsagin. Sannan hannunsa ya kai ga igiyar roba. Ya daɗe yana kallon ɗaurin.

"Inna, wa ya ɗamre nan?"

Ta ce ita ce, yoyo yake yi.

Amos ya so ya yi shiru, amma Rahamatu na tsaye tana jira. Ya sassauta murya ya ce ɗigon nan ba ciwo ba ne, ta nan tukunyar ke numfashi in zafi ya cika ta, in an toshe kuwa dole cikinta ya fashe. Ya ce da an bar ta, ana wanke mata farar ƙasa lokaci-lokaci, da ta ƙara shekaru. Ya ce yana iya samo wata ta hannu mai kyau ya kafa a gurbinta.

Kadidiya ta girgiza kai. Me za ta yi da wata? Ba a kan wata aka yi mata alkawari ba.

Rahamatu ce ma ta share ruwan a ranar. Ba ta yi murna ba, wannan kam Kadidiya ta gani, kuma shi ya fi ci mata rai, don da ta ga murna da ta sami wanda za ta ji haushi. Labari ya kai Tebaram. Ranar kasuwa Malam Almustafa ya zo, aka ɗora kaya a mota, Haula na tambayar ko Kaka ma za ta zo daga baya. Rahamatu ta durƙusa a zauren nan tana kuka ta ce, "Inna, ki gahwarta mini." Kadidiya ta ce ba ta yi mata komai ba, Allah ya kiyaye hanya.

Da motar ta tashi, ta shiga makewayi a hankali saboda gwiwa. Ta warware igiyar roba, ta sa tsinke ta ƙwaƙule ƙaron da tsumman har bakin ƙarfen ya buɗe sarai. Ta ɗauko kwanon kaji ta tara a ƙasa, ta jawo kujera ta zauna.

Har aka kira azahar kwanon a bushe yake.

"Jibrilla," in ji ta, karo na farko tun da ta haife shi, "ni na kashe ta. Ba kai ka makara ba."