A Rubuta a Abuja

Fa'izu ya durƙusa a gefen tayoyin hagu, ya dangwali abin da ya ɗiga a kan kwalta da yatsa, ya shinshina. Ba ruwan sama ba ne, ko da yake an kwana ana yi a Dutse. Man birki ne. Ya bi ƙafar tayar da ido har ya gano inda yake tsattsafowa, a mahaɗar wani bututu da bai kai kaurin ɗan yatsa ba. Yana kallo wani ɗigon ya taru, ya yi nauyi, ya faɗo kusa da takalminsa.

Zagayen nan da matuƙi ke yi wa jirgi kafin tashi, Fa'izu ya yi shi ya fi sau dubu biyu, kuma addu'arsa kullum ɗaya ce, Allah ya sa kada ya ga komai. Yau ya fi kowace rana bukatar a amsa masa. Shekararsa goma sha ɗaya a kujerar dama, kujerar mataimaki, da igiya uku a kafaɗa. Komawa Abujan nan ita ce tashi na ƙarshe a jarrabawarsa ta zama kyaftin. Shi ya tuƙo jirgin da safe daga kujerar hagu, Kyaftin Bubayero mai jarraba shi yana zaune a dama yana lura. Idan suka sauka lafiya, Bubayero zai sa hannu, shi ke nan. Igiya huɗun ma tana cikin jakarsa. Ya saye ta shekara uku da suka wuce, lokacin da aka fara ce masa saura ƙiris, har zaren ya fara dusashewa a cikin leda.

Kamfanin nasu irin ƙananan nan ne masu zirga-zirga tsakanin Abuja da garuruwan da manyan kamfanoni suka raina. A takarda jiragensu huɗu. Biyu suna ajiye a Legas ana kwance musu kaya ana ɗaura wa 'yan'uwansu, ɗaya ya tafi gyara ƙasar waje tun kafin azumi, ba wanda ya ƙara jin ɗuriyarsa. Wannan mai farfela biyun da ke ɗigar da mai a gaban Fa'izu shi ne kamfanin gaba ɗaya.

Doka kuwa a fili take. Duk lahanin da matuƙi ya gani sai ya rubuta a littafin jirgi, kuma da zarar biro ya taɓa takarda, jirgi ba ya motsi sai injiniya ya duba ya sa hannu. To, kamfanin ba shi da injiniya a Dutse. Saboda haka akwai wata doka ta biyu, wadda ba a taɓa bugawa a ko'ina ba amma kowane matuƙi ya haddace ta fiye da ta farkon: abin da ka gani a waje, ka riƙe shi a ranka, a rubuta a Abuja.

Mutum ɗaya Fa'izu ya sani da ya karya ta. Kyaftin Izzuddeen, wanda ya koya masa saukar da jirgi cikin iska, ya taɓa rubuta lahanin inji a Yola, jirgi ya kwana biyu a ƙasa. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya ɗaga masa murya. Sunansa kawai aka daina gani a jadawalin tashi. Matuƙin da ya yi kwana casa'in bai tashi ba kuwa, sai an sake gwada shi kafin ya koma kujera, kuma kamfani ne ke tura mutum gwajin. Yanzu Izzuddeen yana kiwon kajin gidan gona a bayan Kaduna. Har yau yana ɗaure da ƙaton agogonsa na matuƙa, da shi yake duba lokacin zuba musu abinci.

Fa'izu ya miƙe ya goge yatsansa. Can bayan shingen waya, kusa da inda ake ajiye motoci, ya hango farar bas da mutane kusan ashirin a gindin wata darbejiya. Mutanen garinsu ne, Miga. Ya roƙi matarsa Adawiyya da ta yi shiru sai an sa hannu, ta yi alkawari, ta kuma cika shi na tsawon yini guda cur. A tsakiyarsu akwai dattijo mai farin rawani a kan kujerar roba, mahaifinsa, Malam Nata'ala, mai makarantar allo. Shi ya rabu da gonarsa ta fadama don Fa'izu ya tafi Zariya koyon tuƙin jirgi, kuma bai taɓa ganin ɗan nasa a sama ba. Yanzu ma yanar ido ta rufe masa gani, da ƙyar yake gane mutum a taku biyar. Amma ya ce ko ƙarar ce ya ji, ta ishe shi.

Ya tarar da Kyaftin Bubayero a ɗakin tuƙi yana cin dabino yana tara ƙwallayen a kofin takarda. Shekara biyu suka rage masa ya ajiye aiki, kuma ya daɗe da yanke shawarar ba abin da zai sake ba shi mamaki. Ya saurari Fa'izu har ƙarshe, ya leƙa ma'aunin mai, ya tambaye shi ɗigo nawa a minti. Fa'izu ya ce ya ƙirga tara. Bubayero ya ce minti hamsin ne zuwa Abuja, ma'auni a cike yake, kuma shi ya sha tashi da abin da ya fi wannan muni ya sauka ya ci tuwonsa.

"Amma yau kai ne a hagu," in ji shi. "Biro naka ne. Ni ban sauka ba, ban ga komai ba."

"Yallaɓai, in na rubuta, na ci ko na faɗi?"

Bubayero ya tofa ƙwallon dabino a kofi. "A takardata ka ci. Sai dai ba takardata ke fitar da jadawali ba."

Fa'izu ya zauna a kujerar hagun da littafin a cinya. Ya so kujerar nan, so na haƙiƙa, irin wanda ke hana mutum cin abinci. Shekararsa talatin da tara. Manyan kamfanoni ba sa kallon mai tuƙa farfela sai in kyaftin ne, na ƙasashen Larabawa kuwa ko amsa wasiƙarsa ba su taɓa yi ba. Abokan karatunsa na Zariya da yawa ba su taɓa samun kujera ba, wani yana dillancin filaye, wani yana koyar da lissafi a makarantar kuɗi. Ya san idan ya tashi daga nan, masu lasisi da ke zaune a gida suna jiran waya sun fi a ƙirga.

Sai ya gaya wa kansa tara ba wani abu ba ne. Ya ce bari ya sake dubawa sau ɗaya, don hankalinsa ya kwanta. Wannan ne kuskurensa, in kuskure ne, domin tsofaffin hannu ba sa duba abu sau biyu. Ya sauka, ya durƙusa, ya sa ido a agogo. Goma sha huɗu. Takardar yanayi kuma ta ce ana ruwa a Abuja, wato zai sauke mutum sittin da biyu a kan jiƙaƙƙen titi da birkin da bai yarda da shi ba.

Kada wani ya ce jarumta ce. Tsoro ne ya kama shi, tsoro tsagwaronsa. Ya hau, ya buɗe littafin, ya rubuta layi biyu, ya sa hannu da kwanan wata. Bubayero ya karanta ta gefen ido, ya yi ajiyar zuciya, ya miƙa masa dabino ɗaya.

Ba a yi minti goma ba manajan zirga-zirga ya kira daga Abuja. Da ya yi faɗa, da Fa'izu ya samu sauƙi. Murya ce mai sanyi kamar ta mai gaisuwar mara lafiya. Ya gode masa da kulawa, ya ce kamfani na alfahari da irinsa. Ya ce za a turo injiniya daga Kano a mota, tare da wani mataimaki, tunda lokacin aikin Fa'izu zai yi nisa kafin a gama. Kyaftin Bubayero zai dawo da jirgin.

"Kai kuma tunda ga ka a garinku, ka ɗan huta a gida. Za mu neme ka."

Fa'izu ya ce lokacin aikinsa ba zai ƙare ba sai ƙarfe tara na dare, ya lissafa. Manajan ya ce ya gode, ya kashe waya.

Fasinjoji suka yi abin da fasinjoji ke yi. Wani mai babbar riga da taro ke jira a ma'aikatar tarayya ya rantse sai ya ga bayan kamfanin, bai san an riga shi ba. Wata mata ta tsare Fa'izu a ƙofar ofis ta ce da ganinsa sabon shiga ne, shi ya sa yake tsoron inuwarsa. Adawiyya ta kira sau uku. A na ukun ya ɗauka, ta ce Baba yana tambaya ko lafiya, ya ce an ɗan samu jinkiri ne, su ƙara haƙuri. Ta tagar ofis ya ga mutanen Miga sun shimfiɗa tabarmi sun yi azahar, daga baya suka buɗe kwanuka suka ci abinci, sannan suka yi la'asar, mahaifinsa na limanci. Ba wanda ya nuna alamar tafiya. Mutanen da suka saba jiran ruwan shuka, awa biyar ba ta dame su ba.

Injiniyan ya iso wajen ƙarfe biyar saura, da akwatin kayan aiki da ciwon baya. Ya kwanta a kan kwali, ya sa sifana ya ɗaure mahaɗar, ya goge da tsumma, ya sa aka taka birki, ya jira. Ba ɗigo. Duka-duka minti goma sha biyu. Ya sa hannu a ƙarƙashin layi biyun Fa'izu yana miƙa.

Fa'izu ya bi shi har mota. "Malam, don Allah gaya mini gaskiya. Da ya kai Abuja?"

Mutumin ya ɗaga kafaɗa. "Wataƙila ya kai. Wataƙila kuma bai kai ba. Ni ɗaurewa aka turo ni."

Wannan amsar ta fi wayar manaja yi masa ciwo. Da an ce bututun saura ƙiris ya tsinke, da yana da abin riƙewa har ƙarshen rayuwarsa. Da an ce ba komai ba ne, da ya zagi kansa ya huta. Sai aka bar shi a tsakiya, kuma ya san a nan zai zauna.

Kafin a rufe ƙofa Bubayero ya sauko ya ba shi takardar jarrabawa. Ya cike kowane gurbi da yabo, da hannunsa mai kyau irin na 'yan makarantar da. Gurbi ɗaya ne fanko, na tashin ƙarshe. Ya ce da zarar an sa su tare a jadawali, za su ƙarasa. Ya faɗi haka yana kallon takalminsa, Fa'izu ya ce Allah ya nuna mana, su duka biyun sun san sun yi sallama ne.

A banɗakin ma'aikata ya zare igiya ukun daga kafaɗunsa, ya sa su cikin leda ɗaya da huɗun. Ya cire lakataye. Farar riga da baƙin wando kawai suka rage, kamar na kowane akawu. Ya fita ta ƙofar gefe yana jan jakarsa, ya zagayo ta bayan motoci. Niyyarsa ya je ya durƙusa gaban mahaifinsa ya faɗi abin da ya faru. Ya kai bayan farar bas ɗin ke nan sai farfela ta fara juyawa, mutanen Miga suka miƙe gaba ɗaya suka yi wajen shinge. Sai ya tsaya a nan.

Adawiyya ce kaɗai ta gan shi, ta dawo ɗaukar buta a cikin bas. Ta dube shi, ta dubi jirgin da ke tafiya a hankali zuwa bakin titi, ta dubi kafaɗunsa. Ta ajiye butar ta tsaya kusa da shi.

Jirgin ya taho da gudu ya ɗaga, ya wuce saman dabinai ya nufi duwatsu, rana na haska cikinsa. An riƙe Malam Nata'ala ta hannu biyu an kai shi jikin waya. Yana ta juya kai yana bin ƙarar.

"Ya tashi?"

"Ya tashi, Malam," aka amsa masa. "Ga shi can, ya yi sama."

Tsohon ya saki wayar ya ɗaga hannuwansa. Muryarsa ta malamin da ya shekara hamsin yana biya karatu ta iso har bayan bas. Ya gode wa Allah da ya nuna masa wannan rana. Ya ce, "Allah ya sauke ka lafiya, Fa'izu, kai da amanar da ka ɗauka." Jama'a suka ce amin. Fa'izu ma ya ji bakinsa ya ce amin.

Shi da Adawiyya suka ja baya zuwa bayan wata motar ɗaukar kaya, suna kallo aka naɗe tabarmi, aka ɗora kujerar roba a saman bas. Adawiyya ta je ta yi musu sallama, ta ce ita unguwar Yalwawa za ta wuce, nan cikin Dutse. Bas ta fita ta ɗauki hanyar Miga, ana jiyo guɗar wata gwaggonsa ta taga.

Da ta dawo ta karɓi jakar daga hannunsa. Sun kusa bakin titi inda ake samun adaidaita sahu kafin ta yi magana.

"Yaushe za ka gaya wa Baba?"

Fa'izu ya duba agogonsa. Saura minti talatin da biyar.

"Bari jirgin ya sauka tukuna," in ji shi.